Mun Kai Kawu Kabari Babu Bes

Duk wanda ya zo mana gaisuwar rasuwar Kawu, sai ya yi ta'aziyyarsa tukuna, ya karɓi ruwa ya kurɓa, sannan ya karkato ya rage murya ya ce, "To yanzu shi wa zai busa masa?" Tun ina amsawa har na gaji na koma gyaɗa kai. Matan zumunta sun cika tsakar gida da waƙa. Wata tsohuwa daga Agwada ta zube a ƙofar ɗakinsa tana kuka, tana cewa shi ya raka mijinta, shi ya raka ɗanta na fari. Wani dattijon tela daga Liman Abaji, Musulmi, abokinsa tun suna samari, ya zo da carbinsa ya zauna a gefen rumfa. Da na je gaishe shi ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, ɗana. Ni ban taɓa shiga cocinku ba. Amma in ina kan keken ɗinki na ji ƙirjina yana amsawa, na san kun yi rashi, na kuma san abokina ya biyo ta layinmu."

Mama kuwa, wato matar Kawu, ba ta yi kuka ba ranar farko. Tana zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta masu ciwon sanyi, duk wanda ya ce mata "sai haƙuri" sai ta dube shi ta ce, "Ya ci amanata." Mutane suka fara kallon juna. Da na durƙusa kusa da ita sai ta ce, "Kai ma ka sani. Tun ina amarya yake ce mini, ke kam ni zan raka ki, ba zan bar kowa ya yi gudu da ke ba. Ya raka rabin garin nan. Ga shi ya riga ni, ya bar ni a hannun waɗanda ba su san tafiya ba." Wannan maganar ita ta hana ni sukuni tun daga ranar, ita ce kuma ta sa nake rubuta wannan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi. Shi ne mai busa bes a badujalar cocinmu da ke Sabon Gari tun kafin a haife ni. Bes shi ne babban ƙahon tagullar nan da mutum ke shiga cikinsa, ya nannaɗe shi daga ƙugu zuwa kafaɗa, bakinsa a buɗe a saman kai kamar daro. 'Yan boko suna ce masa susafon, mu dai bes muka sani. Kawu gajere ne, siriri, in ya shiga ciki ka hango shi daga nesa sai ka rantse ƙahon ne ya yi ƙafafu yana yawo. A badujalar 'yan sanda ya koya yana saurayi. Ƙahon ma can ya samo shi, bayan sun yar da shi wai ya tsufa. Ya kai wa mai walda aka toshe hujojin, aka yi wa wuyan ƙari. Wannan ƙarin ya sa wuyan ya tsuke, babu bakin busa da ke shiga sai nasa. Bakin busa shi ne ɗan kofin ƙarfen da ake cusawa a wuyan ƙaho a ɗora leɓe a kai. Kawu ba ya barin nasa a jikin ƙaho ko na minti ɗaya. Da ya gama busa zai zare shi, ya goge da hankici, ya jefa a aljihun gaban rigar badujala. Cewa yake, "Ana aron gatari, ba a aron baki."

Wanda bai ji shi ba zai ce ina zuzuta kawuna ne. To ya je ya tambaya. Bes kayan bum-bum ne a hannun kowa, ana jin sa a ƙarƙashin waƙa ba a kula shi. A hannun Kawu yana magana. Akwai wata godiyar kaka da masu ƙananan ƙahoni suka ɓata a tsakiyar waƙa, wannan ya yi gabas wannan ya yi yamma, fasto ya fara zare ido. Sai Kawu ya ɗauki waƙar da kansa, da wannan ƙaton abu, ya bi ta sama tiryan-tiryan da sauri kamar sarewa, yana kuma saukowa tsakanin kalma da kalma ya buga nasa bugun na ƙasa ya koma. Mutum ɗaya, aikin mutum biyu. Wallahi mata suka manta da doyar da suka ɗauko a ka, suka tsaya baki buɗe. Ranar ina ɗan makaranta, ranar kuma na ce ni ma sai na busa wani abu ko da buta ce.

Ba ni kaɗai ba ne. Ka bi 'yan badujalar ƙasar nan, daga Akwanga zuwa Garaku zuwa Masaka, ka tambayi masu furfura a cikinsu wa ya sa su ɗauki ƙaho. Akwai wanda ya bar gona ya biyo shi a ƙafa daga wani biki. Akwai malamin makarantar da ke zuwa duk Asabar don kawai ya zauna a bayansa ya ga yadda yake shan iska. Ni tarambon na ɗauka, mai jan nan, don na ga bes ya fi ƙarfina. Kawu ya yi ta yi mini tsiya a kai. "Ɗan ƙanwata ya zaɓi abin da za a gan shi a gaba. Ka ga mai son a tafa masa." Ba ya koyarwa da lallashi. In ka busa ba daidai ba sai ya sauke ƙaho ya ce, "Wa ya taka akuya?" Amma in ka yi daidai, zai ɓantari goro ya miƙo maka bai ko dube ka ba, kai kuma ka kwana kana murna.

Duk wannan gwaninta, a wurinsa wasa ne. Aikinsa na gaske rakiyar gawa. A cocinmu a kafaɗa ake ɗaukar akwati daga ƙofar coci har maƙabarta, badujala tana biye. Kowa yana kallon shugaban badujala, Kawu kuwa ƙafafun masu ɗaukar akwati yake kallo. Zai nemi wanda ya fi kowa gajarta a cikinsu, ko wanda ya fi shiga damuwa, ya ɗaura bugunsa a kan takun wannan mutumin. In an zo gangara ya ja numfashi ya rage. In wani ya yi tuntuɓe ya riƙe sauti ɗaya, dogo, har mutumin ya daidaita. Masu ɗauka ba su san shi ke tafiyar da su ba, su dai sun san akwatin ba ya girgiza kuma kafaɗa ba ta mutuwa. Yakan ce mana, "Waƙa ta masu rai ce. Tawa ta ƙafa ce." Kuma ba ya sauke leɓensa sai igiya ta saki, akwati ya zauna a ƙasa.

A kan haka ya yi faɗa da wani sabon fasto da aka kawo mana, matashi, mai son zamani. Wani dattijo ya rasu, 'ya'yansa na Abuja suka ɗauko motar gawa mai jiniya da lasifika, fasto ya ce ai hakan ya fi sauƙi, badujala ta hau bas ta tarar da su a can. Kawu ya miƙe. Ya shiga ƙahonsa ya je ya tsaya a gaban motar. Direba ya yi hon, ya mayar masa da bes, har gilashi ya yi kuka. Fasto ya sauko ransa a ɓace ya ce, "Baba, ka ba mu hanya." Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan da ƙafa ya zo cocin nan duk rayuwarsa. Yau da ba shi da bakin cewa a'a, shi ne za ku sure shi ku gudu? Ana jiransa ne a can?" Aka sauke akwati aka ɗauka a kafaɗa. Fasto ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. Amma da mahaifiyar faston ta rasu, da ƙafarsa ya zo gidanmu ya cire takalmi ya durƙusa. Kawu bai tuna masa komai ba, ya ce kawai, "Su wa za su ɗauka? Ina so in ga tsawonsu."

Akwai kuma wani lebura da ya faɗo daga bene a wani gini a hanyar Abuja. Baƙo ne, ba a san danginsa ba, sai dai an ga gicciye a wuyansa aka kawo mana. Ranar Talata ce, kowa yana wurin aiki, ga ruwa ana tafkawa. Ni kaina cewa na yi a yi masa addu'a kawai a binne. Da na leƙa daga barandar coci sai na ga abokan aikinsa 'yan kaɗan ɗauke da akwatin katako mara fenti, Kawu shi kaɗai a bayansu, ruwa yana zuba a bakin ƙahon yana gangaro masa a wuya. Babu ganga, babu waƙa, sai bugun nan a hankali. Ya dawo da zazzaɓi, Mama ta yi ta masifa tana dafa masa citta.

To ga abin da ya faru ranar tasa jana'izar.

Mun shirya iya shiri. Tsoffin ɗalibansa suka zo daga ko'ina, ban taɓa ganin ƙahoni da yawa haka a Keffi ba. Muka zaɓi wani gwani daga Akwanga, ɗalibinsa ne na hannun dama, muka ce shi zai busa, kuma da ƙahon Kawu zai busa don girmamawa. Saboda haka bai ma ɗauko nasa ba, ba kuma wanda ya zo da wani bes. Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, shi ya kai kayan da za a sa wa gawa. Me zai kai in ba rigar badujala ba? Aka sa masa, ya yi kyau abinsa, iyali suka yi ganin ƙarshe, fasto ya yi addu'a, aka rufe akwati aka ɗaure. Sai da aka gama sujada, masu ɗauka sun sa kafaɗa, sannan mutumin Akwanga ya shiga ƙaho ya lalubi wuya ya ji wayam. Ya juyo ya ce da ni, "Ina bakin?"

Na san inda yake tun kafin ya rufe baki. Dukanmu mun sani. Mu da muka yi shekaru muna ganin hannunsa yana shiga aljihun nan, ba wanda ya tuna.

Aka zaro bakin busa daga aljihu daban-daban aka gwada, babu wanda ya shiga. Na ja Yaya gefe na ce a buɗe akwatin, minti nawa ne. Yaya abokin wasana ne, ɗan kawu da ɗan gwaggo, tun muna yara ba ma magana sai da zolaya. Ranar babu wasa. Ya ce, "Ka haukace? An yi addu'a an rufe, ka ce in buɗe ubana a gaban jama'a in laluba masa aljihu?" Na ce, "Mutumin da ya raka kowa, shi za a kai shiru?" Ya ce, "In ka taɓa akwatin nan, ni da kai har abada." Dattawa suka shiga tsakani. Gaskiya tasa ce, na sani, amma a lokacin da na samu dama da na mare shi.

Haka muka tashi babu bes. Jama'a, ban taɓa jin abu mai ban tsoro irin wannan ba. Ƙahoni sun fi na kullum yawa, sauti har sama, amma ƙasa babu komai. Duk inda bugunsa ya saba faɗowa sai ka ji rami. Mai ganga ya yi ƙoƙari, sai dai shi ma a kan Kawu ya saba jingina. Tun kafin mu fita layin coci muka fara sauri ba mu sani ba. Masu ɗauka suka rikice, na gaba yana ja na baya yana turjewa, akwati yana tangaɗi, sau biyu ana sauya kafaɗa a tsakiyar titi. Muka isa maƙabarta muna haki, tsofaffi can baya ba su ma iso ba. Da aka kawo Mama a keke napep ta sauko ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Sannunku. Kun kawo shi kamar masu gudun ruwa." Sai a lokacin ta fashe da kuka.

Bayan an watse aka rataye ƙahon a ƙusarsa a ɗakin Kawu. Ni ba mai yarda da fatalwa ba ne, ɗan coci ne ni, kuma na san tagulla tana amsa ƙara. Amma ku zo ku zauna a ɗakin nan da rana tsaka, tirela ta wuce a babban titi, ku ji yadda ƙahon yake gurnani shi kaɗai a bango. Jikokinsa suka daina shiga ɗaukar ko tsintsiya. A wurin gwaji ranar Asabar abin ya fi muni. Muna cikin waƙa sai in ga mai ganga ya waiga baya, wurin da Kawu ke tsayawa. In na tambaye shi sai ya ce ba komai. Wata rana wani mai ƙaramin ƙaho ya sauke ya ce, "Don Allah ku gaya mini gaskiya, ni kaɗai nake jin sa?" Dukanmu muna jin sa, a cikin kai, a daidai inda ya saba shigowa, har mukan bar masa wuri.

Muka yi rakiya biyu ko uku a haka, duk a gurguje. Kowace Mama sai ta aika a tambayo mata yadda aka yi, kowace kuma sai ta ce, "Uhm." Ƙafafunta suna ƙara kumbura. Wata safiya na je gaishe ta sai ta ce, "Zauna. Kai ne ka ci tuwona ka girma. Kana jira sai na mutu sannan ku tsaya a ƙofar coci kuna laluben aljihu?" Na ce, "Mama, ni tarambon na iya. Na haura hamsin, haƙorana ma sun fara tafiya." Ta ce, "Shi da haƙora ya mutu? Sauke abin can."

Na sauke. Na kai wa wani mai injin ƙarfe a Sabon Gari, ya auna wuyan ya feƙe mini sabon baki. Ranar da na fara sa leɓe, a bayan gida, iskar da ta fito ta farko warin goro da man zafi take yi, warin Kawu sak. Na cire ƙahon na ajiye na zauna a kan turmi, na daɗe ban iya tashi ba. Da na sake gwadawa, abin da ya fito ko akuyar da yake faɗa ta fi shi daɗi. Yaya ya leƙo ta katanga, karo na farko da ya yi mini magana tun jana'iza, ya ce, "Wa ke yanka jaki a gidan ubana?" Na ce, "Ɗan gidan ya kasa, shi ya sa bare ya karɓa." Muka yi dariya, daga nan ya juya baya yana share ido.

Ba zan taɓa zama Kawu ba, kada ma wani ya yi mini ƙarya. Waƙar sama da yake bi da gudu ta tafi tare da shi. Ni abu ɗaya nake nema, bugun ƙafa. Na yi ta fama har damina ta wuce, kafaɗata ta yi kanta, leɓena ya fashe ya warke. Maƙwabta tun suna ƙorafi har suka saba. Mama tana ɗaki tana ji.

Sai wata Asabar da hantsi, ina tsakar gida cikin ƙaho, na ga ta ɗaga labule ta fito. Ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta yi ɗaurin kai na zuwa coci, sanda a hannu. Na ce, "Mama, unguwa za ki?" Ta ce, "Koma bayana. Daga nan zuwa ƙofar gida. Busa."

Na ce, "Haba Mama, wannan wane irin abu ne? Ba kyau."

Ta ce, "Ranar da za ku raka ni, zan iya gaya maka ka yi daidai ko ba ka yi ba? Busa, na ce."

Na koma bayanta. Ta ɗaga ƙafa, na busa. Ba mu yi nisa ba ta tsaya ta buga sanda a ƙasa. "Sauri kake. Kana kallon ƙeyata, ƙafata za ka kalla." Muka koma bakin ƙofarta muka sake. Wannan karon ta ce na cika ja, sai ka ce mai jin barci. Matar Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ga abin da ake yi, ta toshe baki ta koma. Muka sake. Na sa idona a kan ƙafarta ta hagu, mai ciwon, wadda take ja kafin ta sauke. Na jira ta. Da ta sauka na sauka tare da ita. Ta ɗaga ta dama, na bi. Wajen rijiya sandarta ta zame, na riƙe sautin ban saki ba har ta daidaita. Ban san lokacin da hawaye ya fara zubo mini ba, ina dai jin gishirinsa a bakin busa, kuma ban tsaya ba. Ba ta sake tsayar da ni ba har muka ƙure tsakar gidan.

A bakin ƙofar gida ta tsaya, ta dafa ƙyaure tana mayar da numfashi. Titi yana gabanta, keke da acaɓa suna wucewa, wasu sun rage gudu suna kallonmu. Ta daɗe tana duban hanyar da ta gangara wajen coci. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Haka yake yi. Ka riƙe shi a haka."

Na cire leɓena na ce, "Mu ƙarasa bakin titi, Mama?"

Ta girgiza kai. "Nan ya isa. Sauran hanyar ba da ƙafata zan yi ta ba." Ta miƙo mini hannu. "Ajiye abin nan ka mayar da ni ɗaki, ɗana. Na gaji."